Barandar da Buba Ya Saya Bai Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya Malam Iliyasu tela ya yi yana ɗinki a barandar gidan da yake haya a Birnin Kudu, a bakin hanyar da ke gangarawa kasuwa. Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki biyu ne da zaure da ɗan tsakar gida, amma saboda barandar ya kama shi. Wani malamin daji na En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, mai suna Malam Sabo, shi ya gina ta a shekarar da aka sami 'yancin kai. Ya kafa mata dirkoki huɗu na giginya, ya ɗora azara, ya rufe da kwano, ya yi mata dakali mai faɗi ta gefen gabas. A wancan lokaci masu wucewa kan tsaya su dube ta, don ba kowane gida ne ke da rufin kwano ba.

A nan Iliyasu yake fito da kekensa da hantsi, ba ya mayar da shi ciki sai rana ta yi ja. Mutum ne marar yawan magana, mai yawan tafiya cikin tunani. Ƙafarsa tana taka keke, hannunsa yana jan yadi, shi kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri, har sai mai kaya ya yi masa sallama sau biyu. Kwanon ya tsufa, tsatsa ta huhhuda shi, rana kan shigo ta ƙananan ramukan ta zuba ɗigo-ɗigo a kan yadin da yake ɗinkawa. Ɗigon hasken kan yi ta matsowa a hankali daga kan almakashi zuwa gwiwarsa, in hasken ya iso nan sai ya san azahar ta yi. In ya tsayar da keken a tsakiyar rana, gari ya yi tsit, yakan ji wani ɗan sauti a cikin dirkar da ke kusurwar gabas, kamar ana tankaɗe a gida na uku.

Gara ce. Ya san gara ce tun bara, amma sautin bai dame shi ba, har ma yakan zauna ya saurare shi. Matarsa A'i ce ta fara magana. Wata rana ta leƙo ta ƙofar zaure za ta miƙo masa kunu, sai ta ga dirkar ta karkata, garin itace ya taru a gindinta kamar an zubar da dusa. Ta ce masa rufin nan a bisa kansa yake wuni, in ba ya jin tausayin kansa ya ji tausayin keken. Ya ce zai yi wa mai gida magana.

A nan wuyar take. Malam Sabo ya rasu a shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, magadansa kuwa suna Kano, suka sayar da gidan ta hannun wani dillali mai suna Maikano. Tun daga nan Maikano ne ke zuwa karɓar haya, sabon mai gidan kuwa ko inuwarsa Iliyasu bai taɓa gani ba. Da ya tare Maikano da zancen, sai dillalin ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ƙwanƙwasa dirkar da ɗan yatsa, ta amsa kamar ƙwarya, ya ce lallai kam. Ya ce mai gidan wani makiyayi ne, sunansa Buba, rugarsa tana can bayan Basirka a ƙasar Gwaram, zai aika masa. Bayan wata guda ya ce ya aika. Bayan wata biyu ya ce wanda ya aika ɗin bai dawo ba. Gaskiyar magana Maikano ba shi da natsuwar sauraron zancen dirka a shekarar. Arzikin mai ya fara shigowa ƙasa, manyan motoci na wuni suna wucewa da siminti, kowa na neman fili, shi kuwa yana tsakiyar cinikin.

Iliyasu ya samo gora biyu ya tokare azarar, ya ci gaba da aikinsa. Ruwa na uku na daminar ya sauko yana cikin ɗinka wata farar shadda ta wani ango. Kafin ya naɗe ta, ruwan tsatsa ya ɗigo a gaban rigar, ja kamar tofin goro. A'i ta wanke har sau uku da lemun tsami, tabon bai fita ba. Mai shaddar bai yi faɗa ba, ya dai karɓi kayansa ya tafi, bai kuma sake kawo ɗinki ba. Ranar Iliyasu ya ce shi da kansa zai je ya ga Buba.

Ya shiga bas zuwa Gwaram, daga can ya sami wani mai babur da za shi Basirka ya ɗauke shi, sauran tafiyar kuma ya yi da ƙafa. Ya daɗe rabonsa da fita gari. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar, duwatsu sun sha wanka suna kwance a cikin gonaki kamar manyan dabbobin da suka ƙoshi. Gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa, inuwarsu tana bin hanya tare da shi, ta wuce shi, wata ta iso. Yana tafe yana jin ƙafarsa ta dama tana son ta taka abin da babu. Sau biyu ya tambayi hanya wajen masu noma, duk suka nuna masa wata tsamiya da ke can nesa, ita kuwa tsamiyar kamar tana ja da baya. Sai da azahar ta gota ya isa gindinta.

Bukkoki uku ne a rugar, da shanu bakwai suna kiwo a gefen rafi, balbelu na binsu. Buba dogon mutum ne siriri, zai yi shekara hamsin, da malfa a kai da sanda a kafaɗa. Bai tambayi baƙon abin da ya kawo shi ba. Ya shimfiɗa masa buzu a inuwar tsamiya, ya kawo ruwa suka yi alwala suka yi salla, matarsa Hapsatu ta damo fura da nono a sabuwar ƙwarya. Sai da Iliyasu ya sha ya huta, sannan ya faɗi ko shi wane ne, ya ce shi ne ke zaune a gidansa na Birnin Kudu.

Buba ya dube shi kamar wanda aka kawo wa labarin ɗan'uwa daga ƙasa mai nisa. Daga nan ya ba shi labarin yadda aka yi gidan ya zama nasa. Kafin fari, in ji shi, yana da garken da in na gaba ya kai rafi na baya bai bar ruga ba. Da ruwa ya ƙi sauka shekara biyu a jere, ya riƙa tashi da safe yana tarar da su a kwance, yau uku, gobe biyar. Wani kawunsa ya ba shi shawara ya sayar da waɗanda ke iya tsayuwa tun suna da sauran nama, ya sayi abin da ba ya cin ciyawa. Haka ya yi. A kasuwar shanu aka haɗa shi da Maikano, aka yi ciniki da baki, aka kawo masa takarda ya dangwala yatsa. Takardar tana cikin wata jakar fata a bukkar Hapsatu. Gidan kuwa bai taɓa zuwa ba. Sau biyu ya shirya, ya ɗauki sanda, sai ya ji kamar in ya je ya gan shi da idonsa, shi ke nan shanun sun tafi da gaske.

“Faɗa mini kamanninsa, Malam,” in ji shi.

Iliyasu ya fara faɗa. Ya faɗi ɗakunan da zauren, ya faɗi rijiyar maƙwabta da dalbejiyar da ke leƙowa ta katanga. Buba ya lumshe ido yana ji. Ya tambaya ina ƙofar ta fuskanta, ya tambaya ko ana hango duwatsu daga gaban gidan, ko tsuntsaye na sauka a rufin. Iliyasu ya ce ana hango su, da yamma sukan yi shuɗi-shuɗi. Ya ba shi labarin barandar, yadda iska ke ratsa ta ko a tsakiyar bazara, yadda tsofaffi biyu ke zuwa su zauna a dakali ba don suna da ɗinki ba, yadda ruwa ke kiɗa a kwanon. Yana cikin faɗa shi kansa sai ya ji gidan ya yi masa kyau fiye da yadda ya bar shi da safe. Inuwar tsamiya ta matsa daga kansu sau biyu suna jan buzu suna binta, kafin Iliyasu ya tuna da abin da ya kawo shi.

Ya faɗi zancen gara, da dirkar da ta karkata, da shaddar ango. Ya ce gyara ake bukata, tun damina ba ta yi nisa ba. Buba ya buɗe ido, bai nuna ɓacin rai ba, mamaki kawai ya kama shi.

“Malam, a wajenmu in na ba ka aron saniya, kai ke shan nononta, kai ke cire mata kaska, in ta yi ciwo kai ke nemo mata magani. Ban taɓa jin wanda ya biyo mai saniya har gida yana cewa saniyarka ta rame ba.”

“Ai ba aro ka ba ni ba, Malam Buba, haya nake yi. Kuma ran da na tashi ba zan tuge dirkar in tafi da ita ba. Taka ce.”

Buba ya juya maganar a ransa, ya ce shi dai bai ga bambancin ba tukuna, amma zai yi tunani. Ya ce shi abin da aka gaya masa shi ne gida ba ya ci, ba ya sha, ba ya ciwo, shi ya sa ya saya. Hapsatu ta kawo man shanu a ɗan ƙoƙo aka ba baƙo, Buba ya raka shi har bakin rafi, suka rabu lafiya. Iliyasu ya koma gida da man shanu, babu alkawari.

Da A'i ta ji yadda aka yi, ta ce to sai ya je wajen mai unguwa. Mai unguwa Badaru tsoho ne da ya ga rigimar haya iri-iri tun da ma'aikata suka fara cika garin. Ya zo da kansa ya zagaya barandar, ya soka tsinken sakace a dirkar, tsinken ya shige har ƙarshe. Ya ce maganar ba ta da wuya. Abin da hannun ɗan haya ya ɓata, ɗan haya ke gyarawa, abin da shekaru suka cinye kuwa na mai gida ne. Dirka da azara da rufi ƙashin gida ne, ba a ɗora wa baƙo su. Ya ce zai aika wa Buba ta bakin masu kai shanu kasuwa, ya zo a zauna. Ya kuma ce wa Iliyasu ya mayar da kekensa zaure kafin nan. Iliyasu ya ce to. Ya gwada kwana biyu, zauren duhu, ba ya ganin ramin allura, a rana ta uku ya sake fitowa.

Ranar wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Iliyasu ya ga iska ta fara ɗaga yadi, ya tashi ya tura keken jikin bango, ya juyo zai kwashe sauran kaya. Ƙarar ba ta da wani ƙarfi, kamar an karya rake ne. Dirkar gabas ta durƙusa, gorar da ya tokara ta yi tsalle, azara ta sauko ta danne masa ƙafar dama a ƙasan gwiwa, kwano ya biyo ya rufe shi. Da farko bai ji zafi ba. Yana kwance kuncinsa a ƙasa, ruwa na dukan kwano dab da kunnensa, yana kallon ruwan da ke gudu a daɓe yana tafiya da guntayen zare, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna bin juna suna fita titi. Ya ji muryar A'i tana kiran maƙwabta kamar daga wani gari. Sai da aka ɗaga azarar sannan zafin ya zo masa gaba ɗaya.

Mai ɗori ya ce ƙashi ya karye wuri guda, ya ɗaure da karare, ya ce kada ya taka sai bayan kwana arba'in. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga nan yana ganin titi ta ƙarƙashin kwanon da ya rusuna, ƙafafun mutane kawai da tayoyin kekuna da kofaton jakuna. Zazzaɓi ya riƙa zuwa masa da rana, ya ga kamar bangon zauren yadi ne ana warware shi, shi kuma yana neman almakashi bai samu ba. In ya farka sai ya tarar A'i na zaune tana yi masa fifita.

A rana ta huɗu Buba ya iso, saƙon mai unguwa ya same shi. Bai san abin da ya faru ba. Ya sauka daga mota a tasha, ya yi ta tambayar gidan tela, har wata mai sayar da gyaɗa ta nuna masa da baki ta ce ga shi can, wanda barandarsa ta faɗi. Ya tsaya a ƙetaren titi ya jingina da sandarsa. Mutanen da ke wajen sun ce ya daɗe a tsaye, har wani ya zaci jiran mota yake. Daga bisani ya ƙetaro, ya sunkuya ta ƙarƙashin kwanon, ya yi sallama a ƙofar zaure.

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Buba ya durƙusa ya dubi ƙafar, ya dubi ɗaurin, ya ce mai ɗorin ya iya, haka shi ma yake ɗaure wa maraƙi. Aka kira mai unguwa Badaru, ya zo ya zauna, ya fara maimaita abin da ya faɗa a baya game da ɗan haya da mai gida. Buba ya saurara har tsakiya, sannan ya cire malfarsa ya ajiye a gwiwa.

“Ranka ya daɗe, ba sai ka ƙarasa ba. In saniyata ta soki mutum, ba a tambayar wa ke shan nononta. Ni ake nema.”

Ya juya wajen Iliyasu ya roƙe shi gafara. Ya ce mutum ya taka har rugarsa ya gaya masa gaskiya, shi kuwa ya sallame shi da man shanu. Iliyasu ya ce Allah ya yafe musu gaba ɗaya, shi ma da nasa laifin, shekara guda yana zaune yana sauraron gara kamar mai sauraron rediyo, kuma an ce ya koma zaure, kwana biyu kawai ya yi ya fito.

Neman mai gyara ya zama wani aiki. Kafintocin garin duk sun tafi Kano da Bauchi wajen 'yan kwangila, waɗanda suka rage kuwa suna rufin sababbin makarantu, babu mai waiwayar tsohuwar baranda. Mai unguwa ya tuna da wani tsohon magini, Barau, wanda idonsa ya fara rauni amma hannunsa bai manta ba. Barau ya zo ya shafa dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ya ce duka huɗun a cire, ukun da ke tsaye ma kunya ce kawai ke riƙe da su. Ya ce in ana son abin da gara za ta ƙyale, a nemo itacen kirya.

Buba ya ce ya san inda take. Ya koma, ya yi kwana shida. Ranar da ya dawo, da hantsi aka ga takarkarai biyu suna hawowa daga hanyar Gwaram suna jan dirkoki huɗu na kirya, baƙaƙe masu nauyi, shi kuma yana gaba yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Motocin siminti suka riƙa rage gudu suna kauce musu. Ya kuma sayar da bijimi ɗaya daga cikin shanunsa bakwai, ya sayo sabon kwano da ƙusoshi. Da Iliyasu ya ji haka bai ji daɗi ba, ya ce da an lallaɓa da tsohon kwanon. Buba ya ce bijimin da ma faɗa ya cika.

Kwana tara aka yi ana aikin. Barau na zaune a kan turmi yana faɗin abin da za a yi, Buba na yi, maƙwabta na kama musu in za a ɗaga abu mai nauyi, Iliyasu kuma na kallo daga tabarmarsa. Aka babbake gindin dirkokin a wuta, aka zuba toka da baƙin man mota a ramukan kafin a kafa su. Buba ya iya haƙa, ya iya ɗauka, amma ƙusa ta gagare shi. In ya buga sau uku, biyu a yatsansa suke sauka. Da Barau ya ɗan juya baya sai ya ɗauko igiyar fata ya ɗaure azara da dirka irin ɗaurin bukka, Barau ya laluba ya ji, ya sa shi ya kwance. Haka suka yi ta yi, har a kusurwa ɗaya tsohon ya gaji ya ce a bar masa, ɗaurin ma ba laifi. A'i kan aiko da tuwo da miyar kuka tsakar rana, Buba ya ci kaɗan, ya ce abincin birni yana da nauyi.

A rana ta shida, rabin rufin ya hau, rana ta take, Barau ya tafi salla bai dawo da wuri ba. Buba ya kishingiɗa a dakali, ya ɗora malfa a fuska, barci ya ɗauke shi. Iska na shigowa ta gefen da ba a rufe ba, sabon kwano na ɗan ƙara don zafi, wata kurciya na kuka a dalbejiya. Iliyasu ya yi wa masu wucewa alama da hannu kada su ɗaga murya. Da Buba ya farka ya zauna yana duban titi. Can ya ce ya ga garkensa. Sun taso daga wajen kasuwa, dukansu, har waɗanda suka mutu a shekarar farko, suna tafe a hankali ba mai kora. Suka riƙa shigowa barandar ɗaya bayan ɗaya suna kwanciya, ita kuwa ba ta cika ba. Ya ambaci sunayen wasu daga cikinsu, wata mai karyayyen ƙaho, wata da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai Hapsatu. Buba ya shafa fuska, ya tashi ya tambayi inda aka ajiye guduma.

Ranar da aka gama, mai unguwa Badaru ya tara su a sabuwar inuwar tare da maƙwabta biyu don shaida. Ya ce kowace shekara kafin ruwan farko Buba zai zo ya duba rufi da dirkoki, abin da ya lalace don tsufa ya gyara. Iliyasu kuma zai riƙa share hanyar gara in ya ga ta fara hawa, in ya ga wata ɓaraka ya aika kai tsaye ruga, ba ta hannun dillali ba. Duka biyu suka ce sun yarda, aka yi fatiha, aka raba goro. Buba ya kama takarkaransa ya tafi tun rana ba ta yi sanyi ba, don ya ce ya bar Hapsatu da shanu ita kaɗai.

Ƙafar Iliyasu ta warke, amma ta ɗan gajarta, kuma ba ta jure taka keke. Ya koyi takawa da hagu. Makonnin farko ɗinkin kan karkace, ya farke ya sake, har A'i ta ce ya fara da gyaran tsofaffin kaya kafin ya taɓa sabon yadin mutane. Kafin kaka ƙafar hagun ta saba, masu kawo ɗinki suka dawo, tsofaffin nan biyu ma suka dawo dakalinsu.

Buba bai saɓa ba. Duk shekara in bazara ta yi nisa, gajimare suka fara taruwa a gabas, sai a gan shi ranar kasuwa da malfarsa. Yakan zagaya dirkokin yana bubbuga su da tafin hannu, ya ɗaga kai ya bi kwanon da ido, ya sha ruwa, su taɓa hira. Ba ya yarda ya kwana. A shekara ta biyu ya zo da Hapsatu, ta shiga wajen A'i suka wuni, ta fito tana cewa gidan ya fi yadda aka ba ta labari ƙanƙanta. A ta uku ya tarar iska ta ɗaga bakin kwano ɗaya ta gefen titi. Ya aro tsani a maƙwabta ya hau, ya buga ƙusa biyu, duka suka shiga daidai. Ya sauko ya mayar da tsanin, ya yi wa Iliyasu sallama, ya nufi tasha da sauri don kada motar Gwaram ta tashi ta bar shi.